Hoton da ba shi da suna baƙo ne a gidansu

A gidaje da yawa na ƙasarmu, daga Yamai har Damagaram, akwai wata adaka ko akwatin ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin gado. Cikinta akwai takardun haihuwa, da tsofaffin takardun lanho, da kuma hotuna a cakuɗe: na aure, na suna, na tsohon soja da kakinsa, na alhaji ranar da ya dawo daga Makka. Ba a buɗe ta sai in an yi rasuwa ko ana neman wata takarda. Ran nan ne yaro zai ɗauko hoto ya ce: «Wane ne wannan?» Sai a dubi juna, domin wadda ta san amsa ita ce aka rufe jiya.

Wannan asara ce da ba a yi mata kuka, amma asara ce babba. Hoto ba ya magana. In ba a rubuta sunan mai shi ba, bayan ƴan shekaru ya zama baƙo a gidan da shi ya gina.

Abokan gaban hoto

Hoto takarda ne, abokan gabansa kuwa a ƙasarmu guda huɗu ne: ruwa, zafi, gara da ƙura. Damanar shekarar 2024 ta isa darasi. A ƙarshen watan Agusta ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, ranar 3 ga watan Satumba kuma tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya faɗi. Ruwan da ya ka da irin wannan gini, ina ga takardar da ke ƙasan ɗaki? Ɗaki ana sake gina shi, amma hoton kaka in ya narke ya tafi ke nan.

Zafi shi ma yana cin hoto sannu a hankali, musamman a ɗakin kwano. Hoto mai launi ya fi mai fari da baƙi saurin kodewa, shi ya sa wanda aka rataya inda rana ke bugunsa yakan koma ja-ja ko rawaya.

Yadda ake tsara kundi

Aikin ba ya son kuɗi da yawa, haƙuri yake so. Da fari, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, a wanke hannu a shanya, a riƙa kama hoto ta gefe. A ware su kashi-kashi: dangin uba, dangin uwa, sannan ƴaƴan gida. Cikin kowane kashi a jera su daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan.

Na biyu, kuma shi ne uwar aikin, a zauna da tsofaffi. A nuna musu hoto ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su abu huɗu: wane ne, ɗan wane ne, a wane gari, a wace shekara. A nan sai an yi dabara, domin alkunya takan hana tsohuwa faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Kada a matsa mata; a rubuta laƙabin da ta faɗa, a nemi sunan yanka a bakin wani dattijo, a haɗa su biyu.

In an manta shekara, a auna da abin da kowa ya sani. An ɗauki hoton kafin samun ƴancin kai na 1960 ne ko bayansa? Lokacin farin 1973 da 1974 ne, ko na 1984? Kafin kokawar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975 ne? Da haka ake kusantar gaskiya. Wanda bai tabbata ba ya rubuta «wajen shekara kaza», kada ya ƙaga.

Na uku, rubutu. A bayan hoto a yi amfani da fensir mai laushi, ba tare da dannawa ba. Tawadar bik tana ratsa takarda, tana kuma ɓata hoton da ke ƙarƙashi. Cikakken bayani kuwa a sa shi a shafin kundi, ƙasan hoton.

Na huɗu, liƙawa. Kada a shafa wa hoto danko, kada a manna shi da leda mai danko, domin da zafi ya zo sai ta narke ta bar tabo. Abin da ya fi shi ne a sami kundi mai takarda mai kauri, a tsaga ƴan kusurwoyi huɗu a shafi, a soka gefunan hoton ciki. Ta haka ana iya cire shi ba tare da ya yage ba. Hotunan da suka manne da juna saboda laima, kada a ɓamɓare su da ƙarfi.

Daga ƙarshe, a ajiye kundin a sama, nesa da ƙasa da bango mai laima, a riƙa duba shi kafin damana da bayanta. Mai wayar salula ya ɗauki kowane shafi, ya aika wa ƴan'uwa na wasu garuruwa. Amma kada a dogara ga waya kaɗai: tana ɓata, tana lalacewa. Hotuna masu muhimmanci da ke cikinta a kai a wanke su a takarda.

Tarihin gida, tarihin ƙasa

Kada wani ya ce hoton talaka ba shi da daraja. A Bamako, Malick Sidibé ya yi shekaru yana ɗaukar samari da ƴanmata na unguwa, a 2007 kuma aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venise na ƙasar Italiya. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar hotunan rayuwar birni ta shekarun 1960 da 1970, waɗanda yau ake dubawa don a san yadda mutane suka rayu. Waɗanda ke cikin hotunan nan ba sarakuna ba ne, iyayen wasu ne kamar namu.

Saboda haka muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su mai da wannan aiki darasi: kowane ɗalibi ya zo da hoto guda, ya rubuta sunan mai shi da hannunsa, da harshensa. Ma'aikata su ma su dubi hotunan da ke kwance a ofisoshi da makarantu, su nemi tsofaffin ma'aikata su faɗi sunaye tun suna da rai.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ke da tsoho a gida, kada ya jira sai bayan salla. Ya jawo adakar nan yau, ya ɗauki fensir, ya je ya gai da shi.