Amoniya: Yadda rana, ruwa da iska za su iya zama taki da makamashi

Tun bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, manoma da dama a Damari da sauran yankunan Birnin Gwari sun koma gonakinsu. Sai dai wanda ya koma gona ba zai tsira daga tsadar takin yuriya ba, kuma tushen wannan taki shi ne sinadarin amoniya.

Ana samar da amoniya ne ta hanyar haɗa iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, da iskar haidirojin. Dabarar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a Jamus a 1913, tana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na sararin samaniya sau 150 ko fiye. Saboda haka sai manyan masana'antu irin na Dangote a Legas da Indorama a Jihar Ribas ke iya aikin, inda suke tatso haidirojin daga iskar gas, suna fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Daga can taki ke shawo doguwar hanya zuwa Arewa.

Abin da masana ke nema shi ne rage wannan zafi da matsi. Misalin yana gona: ƙwayoyin halittar da ke saiwar wake da gyaɗa suna yin aikin ba tare da wuta ba. A Japan, tawagar Farfesa Hideo Hosono ta ƙirƙiro sinadarin hanzarta haɗuwar mai ɗauke da ƙarfen ruteniyam, wanda ke aiki a yanayi mafi sauƙi. Idan matsi ya ragu, injin zai ƙanƙance, har hasken rana ya iya tafiyar da shi, a kuma ciro haidirojin daga ruwa. An kafa irin wannan ƙaramin injin a wata gona da ke Naibasha a Kenya.

Amfani na biyu shi ne ajiyar makamashi. Amoniya na zama ruwa a sanyin digiri 33 ƙasa da sifili, alhali haidirojin sai ya kai 253. Ke nan za a iya taskance wutar da rana ta bayar da rani a cikin tanki, kamar hatsi a rumbu. A 2024 tashar lantarki ta Hekinan a Japan ta gwada maye gurbin kashi 20 cikin 100 na kwal da amoniya.

Amma da sauran rina a kaba. Amoniya guba ce idan ta tsiyaya, ruteniyam na da tsada, sannan amoniya ba yuriya ba ce da manomi zai barbaɗa da hannu. Kafin irin wannan inji ya isa Damari, sai an samu jari, ƙwararru da zaman lafiya mai ɗorewa.