Ƙarfen Haihuwa da Raunin Jarirai

A wajajenmu na Kimba da Jega, in aka ga jariri da baki a karkace, ko hannu a sake, sai ka ji mata na cewa, "Ai ƙarfen asibiti ne." Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce.

Shi wannan ƙarfe kamar ludayi biyu yake, masu dogon mariƙi. Likita kan sa su gefe da gefen kan jariri, ya jawo a hankali sa'ad da uwa ke yunƙuri. Wasu likitoci 'yan gida ɗaya a Ingila, zuriyar Chamberlen, su suka ƙago shi a ƙarni na 17, suka ɓoye asirinsa fiye da shekara ɗari don kada a raba kasuwa da su.

Haɗarinsa ba ɓoyayye ba ne. Yakan bar shaida a kumatu, ko ya danne jijiyar fuska baki ya karkace, amma galibi wannan kan warware cikin 'yan makonni. Mai tsanani shi ne tsagewar ƙoƙon kai ko zubar jini a ciki, wanda ba safai yake faruwa a hannun gwani ba.

To, amma me ya kai mu ga ƙarfen? Sau da yawa doguwar naƙuda ce. Yarinya mai cikin fari ta ɓoye ciwo saboda kunya, a kwana a wuni ana jiƙe-jiƙe, ana jiran maigida ya dawo kasuwa ya ba da izini. Kafin a kai ta Jega ko Birnin Kebbi, jariri ya galabaita. In iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa na 'yan mintoci, yana iya tashi bai iya zama ko tafiya ba, kuma wannan ba ya gyaruwa kamar karkacewar baki.

Shi kuwa sakakken hannu, yawanci kafaɗa ce ta maƙale aka ja kai da ƙarfi, kuma a gida ma yakan faru. Nan ne iyaye kan nufi Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori. Sai dai a lura: in ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, da kansa yake haɗewa cikin mako biyu zuwa uku. In kuwa jijiya ce ta miƙe, kara da tsumma ba su da aiki a kanta, sai motsa hannun kullum yadda ma'aikatan asibiti za su koya wa uwa. Yaron da ya kai wata uku bai iya lanƙwasa gwiwar hannu ba, a koma da shi wurin likita.