A Koya Wa Yara Lissafi Kafin A Miƙa Musu Makulli

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin iyaye a Dabawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi.

Yanzu da yaro ya tasa, ba shi da zance sai na babur, mai dogon buri kuma Golf yake mafarki. Sai ka ga uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ya saya masa, wai ya riƙa jigilar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. To amma ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa kuɗin saye somin taɓi ne. Balle a tuna cewa doka ba ta ba da lasin tuƙi sai ga mai shekara 18.

Mu ɗauki mai kawai. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 ta haura N500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000 a wurare da yawa. Ga baƙin mai, ga faci, ga fulogi, ga bakanike. Inshorar mota ma ta koma N15,000 daga N5,000 a 2023.

Amma duk wannan ba shi ne babban ramin ba. Yaro ya dawo da magariba aljihu cike, a ganinsa duk riba ce, sai mai shayi da katin waya. Bai san taya na cinyewa kullum ba, ko da yake rana ɗaya ake sayenta. Bai san san nan da aka sayar ƙiba yake yi yana ƙara daraja ba, shi kuwa babur tun ranar da aka fito da shi daga shago yake ramewa. Sannan akwai lokacin da ba aiki: a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana zirga-zirgar babura da dare saboda matsalar tsaro, masu biyan balas kullum su suka san yadda suka ji.

Shawarata, kafin a taɓa sa ko gona, a ba yaro littafi da biro, a haɗa shi da wani ɗan acaba mai amana na wata guda. Ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙungiya. Ya ware na mai, ya ware na gyara, ya ware na adashin sayen wani idan wannan ya tsufa. Abin da ya rage, shi ne nasa. In ya ga ragowar ya ce har yanzu yana so, sai a tafi kasuwa tare da shi, a bar shi ya yi cinikin da bakinsa.

Naka,
Mai karatu daga Dabawa,
Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, Jihar Katsina.