Ƙauyen Da Ba Kowa Cikinsa, Amma Yana Da Dagaci

A arewa maso gabashin ƙasar Faransa, cikin lardin da a ke kira Meuse, akwai wani ƙauye mai suna Fleury. Sunansa yana cikin littafin Gwamnati tare da sauran garuruwa, iyakar ƙasarsa a shate ta ke, kuma yana da dagaci. Amma fiye da shekara 100 ke nan ba wanda ya ke zaune cikinsa. Ba gida, ba gona, ba kasuwa. Ga yadda abin ya faru.

Daga Faris, babban birnin Faransa, in mutum ya miƙa gabas ya yi tafiyar mil 150 da 'yan kai, sai ya iske birnin Verdun a bakin kogin Meuse. Gabas da kogin akwai jerin tuddai, to, a bisan ɗaya daga cikinsu Fleury ta ke, kamar mil 4 daga Verdun. Ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama. A shekarar 1913 mutanen ƙauyen su 422 ne, yawancinsu manoma, da masu saran itace, da 'yan masu sana'a. Suna da makaranta, da majami'a, da 'yar tashar jirgin ƙasa.

Zaman da ƙauyen ya yi bisa tudun nan shi ya jawo masa halaka. Cikin 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta ƙwace wani yanki na gabashinta, iyaka ta matso kusa da Verdun. Saboda haka Faransawa suka giggina manyan ganuwoyin soja bisa tuddan. Uku daga ciki, watau Douaumont da Vaux da Souville, suka sa Fleury tsakiya. Duk rundunar da ta nufo Verdun daga wannan fuska ba ta da hanya sai ta bi ta kan ƙauyen.

Ran 21 ga Fabrairu, 1916, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa suka buɗe wutar igwa a kan tuddan. Nan da nan hukuma ta kwashe mutanen Fleury, suka fita cikin tsananin sanyi, kowa da abin da ya iya ɗauka. Bayan kwana 4 ganuwar Douaumont ta faɗi. Vaux ta bi ta ran 7 ga Yuni. Ran 23 ga Yuni Jamusawa suka shiga Fleury, bayan sun kwana suna harba harsashi mai hayaƙin guba. Daga nan sai ƙauyen ya zama abin ja-in-ja, yau yana hannun waɗannan, gobe yana hannun waɗancan, har sau 16. Sai ran 18 ga Agusta Faransawa suka karɓe shi, ba su sāke sakinsa ba. Amma a sa'an nan ba sauran bango ko ɗaya a tsaye, har titunan ma ba a gane inda su ke.

Wannan karo na Verdun bai ƙare ba sai cikin Disamba, watau wata 10 ana yi. Waɗanda suka mutu a sassan biyu sun kai wajen 300,000, in an haɗa da masu rauni kuwa wajen 700,000. Cikin sojan Faransa akwai 'yan Afirka da yawa daga ƙasashen da ta ke mulki a lokacin. Sa'ad da aka ƙwato Douaumont ran 24 ga Oktoba, da sojan Afirka ta Yamma da na Somaliya aka yi.

Da aka gama yaƙi a 1918, mutanen Fleury ba su sami komawa ba. Ƙasar ta cika da ramuka, da harsasan da ba su fashe ba, da guba, da ƙasusuwan mutane. Manomi bai isa ya sa garma ba. Gwamnati ta saye filayen, ta sa su cikin yankin da ta kira jan yanki, inda aka hana gini da noma, daga baya aka dasa itatuwa har wurin ya koma kurmi. Ƙauyuka 9 ne suka rushe haka a kewayen Verdun, 6 daga ciki ba wanda ya sāke zama cikinsu.

To, a al'ada in gari ya tashi sai ya zama kufai, a hankali a manta da sunansa. Faransawa suka ƙi yarda da haka. Suka ce ƙauyukan nan sun mutu ne saboda Faransa, kamar yadda soja ya ke mutuwa, don haka ba za a shafe su daga littafi ba. Cikin 1919 aka yi doka cewa ko wane ɗaya za a naɗa masa majalisa ta mutum 3. Da ya ke ba masu jefa ƙuri'a, babban jami'in Gwamnati na lardin shi ya ke naɗa su, shugabansu kuwa shi ne dagacin. Aikinsa ya kula da kufan, ya tarbi baƙi, ya shugabanci taron tunawa.

Wanda ya je yau zai ga ƙasa duk tudu da kwari ƙarƙashin itatuwa, tabon igwa ke nan. An kakkafa alamu a inda gidaje su ke dā, an rubuta sana'ar masu su: nan manomi, nan mai gasa burodi, nan makaranta. A gurbin majami'a an gina ƙarama. A gurbin tasha an buɗe gidan tarihi cikin 1967. Kusa da nan akwai maƙabarta mai kabari fiye da 16,000, cikinsu 592 na Musulmi ne, suna fuskantar alƙibla. Bisanta ga wani dogon gini inda aka tara ƙasusuwan mutum wajen 130,000, Faransawa da Jamusawa a gauraye, don ba mai iya rarrabe su. A gaban ginin nan ne shugabannin ƙasashen biyu, Mitterrand da Kohl, suka tsaya riƙe da hannun juna cikin 1984.

Har yanzu ƙasar ba ta gama fitar da abin da ta haɗiye ba. Cikin 2013 aka tono ƙasusuwan sojan Faransa 26 a gurbin wani gida na ƙauyen, aka kai su maƙabarta aka binne. Faɗan da aka yi a kan Fleury bai cika wata 2 ba, amma gonakinta ba su sāke ganin iri ba. Allah ya kiyashe mu da fitina, amin.