Masu duba lafiyar jirgin sama: sana'ar da ƴaƴan Magarya da Dungas za su iya nema

A kowace shekara, idan lokacin aikin hajji ya ƙarato, mutane da dama daga ƙasar Magarya da ta Dungas sukan shiga jirgin sama zuwa ƙasa mai tsarki. Kakanninsu da ƙafa ko bisa dabba suke tafiya, su ratsa Cadi da Sudan, wasu sai sun yi shekaru a hanya. Yau tafiyar ta koma ta ƴan awoyi. Amma alhajin da ke zaune cikin jirgi matuƙi kaɗai ya sani. Bai san da akwai wani ma'aikaci da ya kewaye jirgin da fitila a hannu tun kafin asuba ba, wanda in bai sa hannu a takarda ba, jirgin ba shi da izinin tashi.

Abin da ya faru a Jidda ran 11 ga watan Yuli na shekarar 1991 ya isa ya nuna nauyin wannan sa hannu. Wani jirgi ƙirar DC-8, wanda kamfanin Nigeria Airways ya ɗauko haya daga wani kamfanin Kanada, ya tashi da alhazai zai kai su Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Makanikin jirgin ya nemi a ƙara musu, ba a sami iskar da ta dace nan take ba, kuma aka ƙi yarda a yi jinkiri. Da jirgin ya ɗauki gudu sai tayoyin suka fashe, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar cikin cikinsa. Ya juyo zai sauka, amma bai kai ba. Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya tsira. Bincike ya kuma gano cewa an sauya lissafin awon iskar da aka rubuta a takardun jirgin kwanaki kaɗan kafin hatsarin.

Domin kauce wa irin wannan ne ƙasashen duniya suka ɗaure wannan sana'a da doka. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Shikago na Amurka a 1944 ita ce ta haifi hukumar kula da sufurin sama ta duniya, OACI. A ƙa'idarta, ba a ba mutum lasin na gyaran jirgi sai ya cika shekara 18, ya ci jarrabawa, kuma ya yi aiki da hannunsa: shekara 4 ga mai son a ba shi ikon amsa wa jirgi ɗungurungum, ko shekara 2 in ya fito daga makarantar da hukuma ta amince da ita. Ko bayan haka, kowane irin jirgi da nasa horon. A ƙasar Nijar, hukumar ANAC ce ke da alhakin ba da lasin da sa ido a kan kamfanoni.

Ya kamata iyaye su gane cewa aikin ba iri ɗaya ba ne. Akwai makanikin jirgi, mai kula da inji da ƙafafu da fukafukai da wayoyin lantarki. Akwai mai kula da na'urorin ƙasa, wato rediyo da sauran kayan da ke nuna wa matuƙi hanya da wurin sauka, waɗanda amfaninsu kan fito fili a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe filin jirgin Damagaram. Sa'an nan akwai sufeto, wanda shi ba ya riƙe sifana: takardu yake bi, ya gwada abin da aka rubuta da abin da idonsa ya gani, kuma yana da ikon sa a tsai da jirgi. Galibi ba a kai ga wannan matsayi sai bayan shekaru ana aikin hannu.

Ga aikin na'urorin ƙasa, ɗan Nijar ba ya bukatar fita waje. Makarantar EAMAC tana nan a Yamai tun 1963, ƙarƙashin hukumar ASECNA da aka kafa a Sanagal a 1959, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka da yawa suke zuwa cikinta koyon lantarki, da awon yanayi, da jagorancin jirage. Da jarrabawa ake shiga. Ga gyaran jirgi kansa kuwa, akwai kwalejin Zariya a Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, da makarantar kamfanin jiragen Habasha a Adis Ababa. Wasu kuma ta hanyar sojan sama suke koyo.

To, ina matsayin yaron Magarya ko na Dungas a nan? Basirar hannu ba ta yi ƙaranci ba. Duk wanda ya ratsa kasuwannin bakin iyaka ya ga samari suna kwance injin babur ko na ban ruwa su mai da shi ba tare da littafi ba. Sai dai a jirgin sama dabarar "a lallaɓa ta kai gida" laifi ce. Kowane kusa da ƙarfin da ake ɗaure shi, kowane ƙarfe da awoyin da zai yi kafin a cire shi ko da bai lalace ba, kuma duk abin da aka taɓa sai an rubuta.

Saboda haka hanyar tana farawa ne daga aji. Sai yaro, namiji ko mace, ya sami takardar brebe, ya wuce lise a fannin lissafi da kimiyya, a gundumarsa ko a lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, ko lise ta fasaha Ɗan Kasawa a Maradi, har ya ci bak. Faransanci kaɗai ba ya isa, domin littattafan gyaran manyan jirage da Ingilishi aka rubuta su, abin da kusancin Kano zai iya sauƙaƙa wa ƴaƴan wannan yanki. Inda ake yawan rasa su shi ne tsakanin firamare da brebe, lokacin da aikin gona, ko cin rani, ko aure, ke fitar da yaro daga aji kafin malaminsa ya gama gane cewa yana da kan lissafi.