Ko Kun Sani?

Ramin haƙar kwal yana iya ƙafar da rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da shi. A buɗaɗɗen rami, irin na Maiganga a Gombe ko na Anu Araren a Agadas, in haƙa ta cimma ruwan ƙarƙashin ƙasa, dole a riƙa zuƙe shi da injina, sai ruwan rijiyoyi ya ja baya. Ga kuma dutsen farait da ke cikin kwal: in ya sha iska da ruwa yakan haifar da asid mai narkar da ƙarafa, ya tsiyaya cikin ƙasa. Dutsen nan yakan zo tare da zinariya, wadda ake haƙa a Maradun. Don haka mutanen Maradun da maƙwabtansu na Talata Mafara da Bakura, a riƙa kai ruwan rijiya gwaji.