Bindiga Ba Ta Buɗe Ƙofar Jami'a: Jan Hankali ga Samarin Kilomita Biyar

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun samari a unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wai duk wanda ya ajiye makami ko ya taɓa sa kakin soja yana da gurbi a jami'a, ko ma tallafin karatu a ƙasar waje, sai dai a samu wanda ya san hanya. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa take saurin shiga kunne. Amma mafi yawanta ba haka take ba, kuma masu yaɗa ta da yawa aljihun mai sauraro suke hari.

Maganar tana da tushe, sai dai tushen ba a Bangui yake ba. A watan Yunin 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da GI Bill. Ta tanadi cewa sojan da ya dawo daga yaƙi, gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta, ta kuma ba shi na abinci da wurin kwana. Zuwa 1956 tsofaffin sojoji wajen miliyan 7.8 sun ci moriyarta ta hanyar karatu ko koyon sana'a, sama da miliyan 2 daga cikinsu a jami'o'i da kwalejoji. An sabunta tsarin a 2008 saboda waɗanda suka yi yaƙin Iraƙi da Afganistan. Labarin wannan doka ne ke zuwa mana ta wayoyi da finafinai, har wasu suke zaton ko'ina haka ake yi.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba Amurka ba ce. Nan ƙasa ce da sojojinta suka yi bore har sau uku a 1996, zamanin Shugaba Ange-Félix Patassé, kuma rashin biyan albashi ne ya kunna wutar farko. A 2018 aka yi wa sojoji sama da 800 ritaya, daga baya aka sha ganinsu a titunan Bangui suna neman haƙƙinsu. Gwamnatin da ke fama da fanshon wanda ya yi mata hidimar shekara talatin, kada ka sa ran za ta kira ka ta miƙa maka kujerar jami'a don ka taɓa riƙe bindiga a bakin layi.

Wannan ba zargi ba ne ga samarinmu. Kowa a unguwar nan ya san yadda abin ya faro. Ƙungiyar 'yan tawayen Seleka ta kama Bangui a watan Maris na 2013, mayaƙan anti-balaka suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba na shekarar, kuma cikin 'yan watanni Kilomita Biyar ta zama kusan wuri ɗaya tilo da Musulmi suka rage a babban birnin. Ƙetare iyakar unguwa ya zama kasadar rai, kuma manyan makarantu irin su Lise Boganda da jami'a duk a waje suke. Fafaroma Francis ya zo Babban Masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamban 2015, hanya ta ɗan buɗe, amma rikici bai kau ba. An kai wa masu bindigar unguwar farmakin da aka laƙaba wa suna Sukula a Afrilun 2018, sannan a Disamban 2019 'yan kasuwa da 'yan sa-kai suka gwabza a kan harajin dole, aka rasa rayuka fiye da 30. Yaron da yake da shekara 12 a lokacin da aka rufe masa hanyar makaranta, yau magidanci ne ko ya kusa, kuma takardar da ke hannunsa ba ta wuce ta firamare ba, in ma yana da ita. Wasu sun ɗauki makami don tsare gidajensu, wasu kuma don abin da ake tatsa a kasuwa. Duk biyun yanzu tambayarsu ɗaya ce, wato ina za su nufa.

To me ke akwai a zahiri? Akwai shirin ƙasa na karɓar makamai da sallamar mayaƙa da maido su cikin jama'a, wanda ake kira DDRR. An amince da ƙa'idojinsa a Taron Bangui na Mayun 2015, Bankin Duniya ya ware dala miliyan 30 a 2017 don sake tsugunar da tsofaffin mayaƙa kimanin 5,000, aka ƙaddamar da babban shirin a Paoua a Disamban 2018. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 6 ga Fabrairun 2019 ta ƙarfafa shi. Sai dai ga abin da da yawa ba su lura da shi ba: ƙungiyoyi 14 ne suka sa hannu a yarjejeniyar, kuma 'yan sa-kai na Kilomita Biyar ba sa cikinsu. Hanyar da aka fi buɗe wa irinsu ita ce shirin rage tashin hankali a unguwanni na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA, wanda ake kira CVR. Abin da shirye-shiryen biyu ke bayarwa horo ne na 'yan watanni a kan ɗinki, kanikanci, kafinta, gini, noma, kiwo ko ƙaramin kasuwanci, sai kayan fara aiki. Kaɗan daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa akan ɗauke su soja ko jandarma ko ɗan sanda. Digiri ba ya cikin lissafin.

Ba na raina wannan horo. Keken ɗinki ko akwatin sifana na iya zama abin da zai biya wa mutum karatun dare. Abin takaicin shi ne wanda zai karɓi kayan da safe, kafin la'asar ya kai su kasuwa ya karyar a rabin kuɗi. Wanda ya samu, ya riƙe kayansa, ya kuma adana katin sallama da shaidar horon da aka ba shi kamar yadda yake adana takardar fili.

Babbar ƙofar jami'a kuwa guda ce, kuma kusan kowa ta nan yake bi. Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, takardar bak take tambaya, wato shaidar kammala sakandare. Shugaba Faustin-Archange Touadéra kansa malamin lissafi ne a can, ya kuma shugabance ta kafin ya zama firayim minista a 2008, amma hakan bai sa an yafe wa kowa jarrabawa ba. Abin da ya kamata wanda makaranta ta kufce masa ya sani shi ne, ba dole sai yana zaune a aji zai rubuta bak ba. Ana yin rajista a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, wanda ake ce wa kandida libur, mutum ya yi karatunsa da dare ko a wurin malami, ya shiga ɗakin jarrabawa tare da kowa. Wanda ya tsaya tun a ƙananan azuzuwa, sai ya fara da jarrabawar birbe ta tsakiyar sakandare, ko ya bi ta makarantar fasaha ya samu shaidar sana'a ta CAP. A tsarin karatun Faransa, wanda jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci da dama suka gada, akwai kuma karatun share fagen shari'a na shekara biyu da ake shiga ba tare da bak ba. Mai sha'awa ya taka da ƙafarsa zuwa tsangayar shari'a ya tambayi sharuɗɗan bana, kada ya aiki kowa. Kuma a tuna da Faransanci ake karatun, ba da Sango ko Hausa ko Larabcin Chadi ba. Wanda Faransancinsa na ciniki ne kawai, nan ya kamata ya fara zuba ƙarfinsa. Gemu ba ya hana ilimi, amma girman kai yana hanawa, domin sai ka yarda ka zauna benci ɗaya da sa'an ƙaninka.

Kafin duk wannan akwai wani tudu da ya fi kayar da mutanenmu, shi ne takardun shaida. Ba a rajistar jarrabawa, ba a shiga soja, ba a neman fasfo sai da takardar haihuwa. An ƙone ko an wawashe ofisoshin magajin gari, wato meri, da dama a lokacin rikici, iyalai da suka gudu Chadi da Kamaru sun dawo hannu rabbana. Ga kuma abin da kowa ya sani, har rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha faɗa: mai suna Usman ko Abakar ko Halima yakan sha tambayoyin da ba a yi wa wani, a ce ya kawo shaidar iyaye, wani lokaci har ta kakanni, alhali a Bangui aka binne cibiyarsa. Zalunci ne, kuma ya kamata shugabannin unguwa su ci gaba da faɗa da babbar murya. Amma maganinsa ba sayen takardar jabu a bayan kasuwa ba ne. Wanda ba a yi masa rajista lokacin haihuwa ba, ko tasa ta ɓata, doka ta ba shi hanya: ya je kotu da shaidu a yi masa hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, wanda aka fi kira jujman, sannan a shigar da shi rajistar meri. Yana cin lokaci da zirga-zirga, amma takarda ce da ba mai ƙwace maka ita.

A nan ina so a kula da wani ƙaramin abu mai babban sharri. Sunanka ya zama iri ɗaya, harafi da harafi, a kowace takarda. Idan jujman ya ce Mahamat, katin ɗan ƙasa ya ce Mohamed, shaidar makaranta ta ce Mamadou, to a idon ma'aikaci ku mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. Da yawa sukan rage shekaru don su shiga soja, daga baya shekarun su ƙi daidaituwa da na takardar makaranta, a ƙarshe a rasa duka biyun.

Waɗanda suka yi nisa a karatun allo da Islamiyya suna da wata hanyar. Akwai Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta kafa, akwai Jami'ar Sarki Faisal a N'Djamena, akwai Azhar a Masar. Khartoum, inda da yawa suke zuwa a da, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe ta. Waɗannan ma shaidar kammala sakandare suke nema, ba saukar Alƙur'ani kaɗai ba. Kuma wanda yake da niyyar dawowa ya yi aikin gwamnati a Bangui, ya haɗa da Faransanci tun da wuri, don kada ya dawo da digirin da zai kwanta a akwati.

Ga 'yan'uwanmu da ke cikin rundunar sojan ƙasa ta FACA a yanzu, shawarar ita ce kada a jira ranar ritaya. Horon da ake samu a barikin Kassaï, ko wanda tawagar Tarayyar Turai ta EUTM ta fara bayarwa a 2016, yana da amfani a aikin soja, amma shaidarsa ba ta tsayawa a madadin bak a teburin jami'a. Sojan da ke son karatu ya nemi izinin shugabansa a rubuce, ya ajiye kwafi, don kada a wayi gari a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki. Ya kuma tara duk takardar da ta shafi lambarsa, ƙarin girmansa da raunin da ya ji a bakin aiki, domin da su matarsa da 'ya'yansa za su nemi haƙƙi in ta Allah ta kasance.

Sai mu zo kan dillalai. Alamominsu ba sa ɓuya. Zai ce yana da mutum a ma'aikata, zai sa sunanka a jerin DDRR ko na sababbin kurata ko na masu tallafin karatu, ka kawo jika hamsin ko ɗari, a yi sauri don gobe ake rufewa, kuma kada ka gaya wa kowa. Ba ya ba da rasiɗi, kuma asalin takardunka yake so ba kwafi ba. Shiga shirin ajiye makami ba abin sayarwa ba ne. Kuɗin jarrabawa kuwa a ofis ake biya, a ba ka shaida mai hatimi. Ko a Amurka da ke da doka da kotuna, makarantun 'yan kasuwa sun yi ta farautar tsofaffin sojoji saboda kuɗin tallafinsu. Corinthian Colleges ta rushe a 2015, ITT Tech ta bi ta a 2016, aka bar dubban ɗalibai da karatu rabi da bashi. Saboda haka kafin ka biya wa wata makaranta mai zaman kanta ko sisi, ka tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da ita da takardar da take bayarwa.

Mafi muni shi ne tayin karatu ko aiki a waje da ke zuwa ta WhatsApp da Facebook. Wani ɗalibi ɗan Zambiya da ya je karatu Mosko, aka ɗaure shi, daga baya aka ɗebe shi daga kurkuku, ya mutu a fagen yaƙin Yukiren a 2022. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda aka kai 'yan mata daga ƙasashen Afirka yankin Alabuga na Rasha da alƙawarin karatu da aiki, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. A Nuwamban 2025 gwamnatin Afirka ta Kudu ta ce 'yan ƙasarta 17 sun maƙale a yankin Donbas bayan an yaudare su da kwangila mai tsoka. Akwai tallafin karatu na gaskiya daga ƙasashe daban-daban, har da Rasha, amma ta ma'aikata da ofishin jakadanci yake bi, kuma maki yake tambaya. Duk mai tayin da ya fi damuwa da ko ka iya harbi, ko ya miƙo maka yarjejeniya da harshen da ba ka karantawa, ka tashi ka ba shi wuri. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kira na ƙarshe ga alhazan kasuwa da limamai da ƙungiyoyin mata ne. Kilomita Biyar ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, kuma 'yan kasuwarta sun shekara da shekaru suna biyan harajin dole ga masu bindiga. Kaso kaɗan na irin wannan kuɗi ya isa a ɗauki malaman Faransanci da lissafi, a buɗe ajin dare a harabar masallaci ko makarantar Islamiyya, a biya wa samari kuɗin jujman da na rajistar jarrabawa, a kuma samu dattijo ɗaya ko biyu da za su riƙa raka su kotu da meri. Ku kuma samari, ku fara da takardar haihuwa tun wannan wata, kada ku bari sai an buɗe rajistar bak.